Ƙanƙarar da Kakana Ya Hana

Kakana na wajen uwa bai iya cewa a'a ba. Ba kirki kawai nake nufi ba, bakinsa ne bai san ta inda ake fara kalmar ba. Duk Gafasa an san shi da haka. Tsaninsa ya fi kwana a gidajen mutane, garmarsa kuwa sai ya bi gida-gida yana tambayar wa ya gan ta, in ya same ta hannun wanda bai gama aiki ba sai ya ce a ci gaba, shi ba sauri yake ba. Ƙanwar mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ita ke riƙe da gidan tun rasuwar kakata, kuma takan ce rufin ɗakin ma don yana da wuyar ɗauka ne, da tuni wani ya zo aro an ba shi.

Shanunsa ma ta wannan ƙofar yawancinsu suka fice. Da can garke ne da shi na gani na faɗa. Ciwo ya ci wasu, gonaki suka cinye makiyaya aka rage wasu, sauran suka tafi ɗaya bayan ɗaya, wannan za a yi wa ɗan wane aure, waccan za a kai matar wane asibiti. A lokacin da nake ba da labari saura farar saniya guda ɗaya, tsohuwa tukuf, ta daɗe da daina haihuwa, kuma ba ta bar 'ya mace ba. Asalinta daga karsanar da mahaifiyarsa ta ba shi ranar sunansa ne, uwa ta haifi 'ya, 'ya ta haifi 'ya, har aka zo kanta zuri'ar ta tsaya. Ita kaɗai ce ba a taɓa jin ya bayar ba, ina jin don ba a sami mai ƙarfin halin tambaya ba ne.

Ni a Gaya aka haife ni, na yi karatun kiwon lafiyar dabbobi, na sami aiki da masu binciken irin dabbobin ƙasarmu. Aikin nawa ba shi da wani kwarjini. Ina bin ƙauyuka da ɗan ƙarfe mai kama da filaya, in ɗan ɓalli gefen kunnen akuya ko tunkiya ko saniya, abin da bai kai ƙwayar wake ba, in jefa a 'yar kwalba mai ruwan sifirit, in zuƙi jini kaɗan a wata kwalbar, in rubuta lamba a jikinsu. Daga nan sai su shiga babbar kula, akwatin robar nan mai riƙe sanyi, a jera musu ƙanƙarar leda gefe da gefe har su isa firizar ɗakin gwaji a Kano. Can ake karanta abin da dabba ta gado, wato abin da ke sa ɗan akuya ya ɗauko jan uwarsa, ko wata saniya ta jure zafi da yunwa wata ta kasa. Yankan kunnen kowa zai iya. Wuyar aikin duk tana wajen sanyi, domin abin da ake nema a cikin naman da jinin zafi yana lalata shi, ido bai ga komai ba, sai an je gwaji a tarar an ɗauko banza.

Shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar bazara aka turo ni yankin Gaya da Ajingi. Na ce ba ni da masaukin da ya wuce gidan Kaka, in kwana can in riƙa fita Balan da Kademi ina dawowa. Da motar aikinmu ta tsaya a ƙofar gida ya fito yana dogara sanda, ya dube ni da farar rigar aiki, ya ce amaryarsa ta zama likita amma har yau ba ta iya gaisuwa ba. Wasan jika da kaka ne, tun ina goye nake amaryarsa shi kuma angona, kuma ban taɓa barin bashin magana a kansa ba. Na ce ango ne ya tsufa kunnensa ya daina kama gaisuwa. Da na yi masa bayanin abin da ya kawo ni sai ya kama haɓa, ya ce ya ga masu tsire ya ga masu kilishi, amma bai taɓa ganin wadda gwamnati ta ɗauka aikin tara kunnuwan awaki ba.

Tun ranar farko na sa ido a kan farar saniyar. Irinta ake nema, tsohon iri wanda bai gauraya da shanun waje ba. Na roƙe shi. Bai ce a'a ba, ai bai iya ba. Cewa ya yi a bari ta huta, yau ta sha rana. Washegari na tashi na tarar an kora ta bayan gari tun da asuba. Da yamma ya ce ai magariba ta kusa, ba a taɓa dabba da ƙarfe a irin wannan lokacin, ƙa'idar da ban taɓa ji ba, kuma na tabbata shi ma a nan take ya fara jinta. Na gane, na ƙyale shi.

Ana cikin haka motarmu ta fara tafasa ruwa. Direba ya ce sai ya kai ta Kano, gobe-gobe zai dawo. Wanda ya san goben direba ya san ba lallai ba ne ta zo bayan yau. Ya sauke mini babbar kular a tsakar gida, cike da ƙanƙara da kwalaben da na riga na tara, ya tafi. Ban damu ba sosai. Kular mai kyau ce, in an lulluɓe ta da buhu aka bar ta a inuwa ba a yawan buɗewa, takan riƙe ƙanƙara kwanaki. Na ja ta ɗakin Inna, na ɗebi ƙanƙara kaɗan a ƙaramar kula, na hau acaɓa zuwa Balan. Kafin in fita na ce wa Kaka ya sa mini ido a kanta. Da hankalina a jikina na ba wa mutumin da ya fi kowa sakin hannu a Gafasa gadin ƙanƙara a watan azumi.

Garin ba wuta. Wanda bai yi azumin bazara a ƙauye ba bai san darajar ƙanƙara ba. Ruwan randa ma kafin la'asar ya yi ɗumi, mutum ya sha ya ji kamar bai sha ba. Kuma lokacin da ake sauke kular rabin unguwa na tsaye suna kallo, an ga gumin da ke jikinta. Labari bai jira ni ba.

Na dawo dab da magariba, na gaji, leɓena ya bushe. Tun daga bakin layi na fara cin karo da 'yan mata ɗauke da kofuna da jug, kowace ta rufe nata da gefen mayafi tana sauri. Suka gaishe ni da fara'ar da ban saba gani ba, wata har da cewa an gode, Allah ya ƙara girma. Na ƙara sauri. Na shiga na tarar da kular a tsakar gida, murfi a buɗe, Kaka a tsugune da 'yar taɓarya yana fasa ƙanƙara yana rabo kamar ranar Sallah. Inna na daga bakin madafa, ta ɗaga mini hannuwa biyu alamar ba ruwanta, duk da na hango kofinta a bayan turmi yana gumi.

Ni mai saurin fushi ce, gadon gidan ubana ne, kuma ranar na nuna gadon. Na rufe kular da ƙarfi, na ce kowa ya tafi. Kaka ya dube ni da mamaki na gaskiya, ya ce ai kaɗan-kaɗan yake ba su, kuma bai taɓa kwalba ko ɗaya ba, ya ma gyara musu zama. Na ce ƙanƙarar nan kusa da jinin awaki take kwana. Ya ce ai a leda take, kuma wanda ya wuni da ƙishirwa ba ya tambayar da wa ƙanƙara ta yi maƙwabtaka. Na ce aikina ne zai lalace. Ya ce awakin ai suna nan da ransu, kowace da sauran kunne, in waɗannan sun lalace a sake yanko wasu. Abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa, wahalar komawa ce kawai za ta hau kaina. Na sha ruwa ranar ban yi masa magana ba, shi kuwa yana ta ce wa Inna amarya ta yi yaji amma ta manta ba ta fita daga gidan ba.

Fiye da rabin ƙanƙarar ya tafi. Da safe na hau acaɓa zuwa Gaya neman wata. Can ma an ɗauke wuta kwana da kwanaki, masu sayarwa suna jiran wadda ake kawowa daga nesa, ita ma kafin a sauke an wawashe. Na kira direba, ya ce bakanike ya kwance injin, amma in sha Allahu gobe. Na koma hannu rabbana.

Da na iso na ga mutane a bayan gida, wajen turken saniya. Ta faɗi tun da hantsi, an yi an yi ta tashi ta kasa. Na duba ta, ba wani ciwo da zan ce ga shi, tsufa ne da zafi suka haɗu. Numfashinta yana fita da ƙyar. Kowa a wurin ya san abin da ya rage, a yanka ta kafin ta zama mushe, amma ba mai son ya fara faɗa. Kaka na zaune a ƙasa kusa da kanta, yana kore mata ƙuda da hularsa. Ban taɓa ganin kansa ba hula a gaban mutane ba sai ranar.

Ya ce kowa ya ɗan ba shi wuri, ya yafito ni. Na tsuguna. Bai kira ni amarya ba.

"Abin nan da kike yanka," in ji shi, "in an kai can, za su iya tayar da wata saniyar da shi?"

Na so in ce masa e, amma ban iya yi masa ƙarya ba. Na ce a'a, karantawa kawai ake yi, a ga abin da ta gado.

"Daga uwarta?"

"Daga uwarta, da uwar uwarta, har can baya. Duk suna ciki."

Ya ci gaba da shafa wuyanta. Na san wace saniya yake lissafi har ya kai gare ta, da kuma wadda ta ba shi ita. Can ya tambaye ni tsawon lokacin da abin yake yi bai lalace ba. Na ce in ya isa firiza da sanyinsa, zai fi ni da shi daɗewa. In kuwa ya yi zafi a hanya, shi ke nan.

"To ɗauko ƙarfenki," ya ce. "Ki yanka tun tana numfashi. Saniya nake so ki ajiye, ba nama ba."

Na ɗauko kayana. Shi ya riƙe mini kunnen, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa da 'yar Fulatancin da ta rage masa ta wajen mahaifiyarsa. Na ɓalli kunnen, na zuƙi jinin, na rubuta lamba. Ya bi ni har ɗaki ya ga inda na sa kwalaben a tsakiyar 'yar ƙanƙarar da ta saura. Ya daɗe yana kallon ƙanƙarar, ina jin sai lokacin ya ga yawan abin da ya rabar jiya. Shi da kansa ya rufe murfin. Awakin Balan ana iya komawa a sake yanko kunnensu, wannan kuwa kafin azahar an yanka ta, ba inda za a sake samun wani.

Mahauci ya zo da tayi, Kaka bai ko saurare shi ba. Ya sa aka kasa naman gida-gida, har fata da ƙafafu sai da suka sami masu su. Wannan bai ba kowa mamaki ba, halinsa ne. Abin da ya biyo baya ne Gafasa ba ta taɓa gani ba.

Ya sa aka kai kular ƙuryar zaurensa, inda rana ba ta leƙawa. Ya zuba ƙaiƙayi kewaye da ita, ya jiƙa buhuna ya lulluɓa, ya shimfiɗa buzunsa a kai, ya hau ya zauna. Ni kaina da na zo dubawa sai da ya tambaye ni ko dole ne, ya ce ai ni na ce buɗewa ke cinye ta. Na ce ango ya zama ɗalibi. Ya ce amarya ta rage surutu, zafin bakinta ma yana iya narkar da ita.

Bayan la'asar masu kofuna suka fara sallama, don ba wanda ya gaya musu an rufe kasuwa. Nan na ga wahalar mutumin da bai iya hanawa ba. Ta farko da ta shigo, ya ɗauki carbi ya shiga ja da sauri yana motsa baki, yana nuna mata da ido cewa yana tsakiyar wuridi. Ta jira, ta gaji, ta tafi. Ta biyu ta tarar da shi yana barci a zaune, har da minshari, mutumin da bai taɓa barcin la'asar ba don ya ce yana kawo ciwon kai. Ta uku ya tura ta wajen Inna, Inna ta maido ta wajensa, ya sake turawa, yarinya ta yi ta safa da marwa tsakanin zaure da madafa har ta haƙura. Wata dattijuwa da ta zo da kanta ya mayar da kansa kurma, tana cewa ƙanƙara yana amsa mata da lafiya lau, ya jikin maigidan. Duk wannan bai furta kalmar ba ko sau ɗaya. Ina daga cikin gida ina leƙe, dariya na cina, tausayinsa kuma ya fi dariyar yawa.

Kafin rana ta yi ja magana ta zaga gari. Wai tsoho ya rabar da saniya sukutum amma ya hau kan ruwa ya zauna. Wasu suka ce jikarsa 'yar boko ce ta koya masa rowa, wanda ban musa ba. Wasu suka ce mutuwar saniyar ce ta taɓa shi. Inna ce ke kawo rahoton, tana faɗa da ƙarfi yadda zai ji daga zaure, don ta shekara da shekaru tana jiran ranar da za a kira mahaifinta marowaci.

Sai ga ladanin masallacin unguwar. Shi da Kaka tare aka yi musu kaciya, tare suka yi kiwo, kuma ba ranar da ba sa zama a zauren nan su yi musu a kan abin da ya wuce shekara hamsin. Ya shigo da kofin silba a hannu, ya zauna a inda ya saba zama. Ina tsaye a ƙofar cikin gida. Na ga Kaka ya laluba carbi, ya fasa, don ya san wannan ba a yi masa wuridi.

"Mutumina, an ce ka sami sarauta," in ji ladan, "sarkin ƙanƙara. Ba da yawa nake so ba. Wadda zan jefa a ruwa, maƙogwaron nan ya samu ya kai ni kiran isha'i."

Muryarsa ta dishe ƙwarai, kowa ya ji hakan a kiran la'asar. Kaka ya dubi kofin, ya dubi ƙasa, ya waiwayo ya dube ni. Na san abin da ya rage a kular bai taka kara ya karya ba, kuma ban san ranar zuwan direba ba. Duk da haka saura kaɗan in ce a ba shi, don ban iya kallon fuskar Kaka a haka ba. Kafin in buɗe baki ya riga ni.

"A'a," ya ce.

A karkace ta fito, kamar tari. Ladan ya yi dariya yana jiran sauran wasan. Da ya ga babu saura sai dariyar ta tsaya. Kaka bai yi masa bayani ba, ina jin kunya ce ta hana shi gaya wa abokinsa cewa guntun kunne ya fi maƙogwaronsa. Ladan ya kife kofin a tafin hannunsa, ya miƙe, ya ce to Allah ya ba mu alheri, ya fita.

Da aka kira magariba muryar na fita da ƙyar, muna jinta sarai daga zaure. Na kawo wa Kaka dabino da ruwan randa mai ɗumi. Ya sha yana zaune a kan ƙanƙara. Idonsa ya ciko, bai ɓoye mini ba.

"Ashe haka take da ɗaci," ya ce. "Ku yaya kuke yi kuke faɗarta kullum?"

Na ce sabo ne, in ya daure zai iya. Ya ce Allah ya kiyashe shi da irin wannan sabon. Ranar a gida ya yi sallolinsa, a gefen kular, bai iya haɗa ido da mutanen masallaci ba.

Goben direba ta zo washegari da hantsi. Ya taho da akwatin sanyi mai aiki da batirin mota. Kaka ya sauka daga kan kular, ƙafafunsa sun sage, sai da na kama shi. Na buɗe ta. Ruwa ne ya fi yawa, amma mai sanyi ƙarara, kwalaben sun yi raɓa, kuma a tsakiya ga sauran ƙanƙara kamar dunƙulen hannu. Na ɗaga kwalbar farar saniyar na ɗora masa a kumatu don ya ji da kansa. Ya rufe ido, ya ce alhamdu lillahi. Na mayar da kwalaben cikin akwatin motar, ya tsaya sai da ya ji ƙugin injinsa, ya kuma ja wa direba kunne kada ya tsaya gaisawa da kowa a hanya.

Ina shirin zubar da ruwan kular ya riƙe hannuna. Ya tsamo dunƙulen ƙanƙarar, ya naɗe a tsumma, ya tura cikin ƙwaryar ƙaiƙayi. Na ce Kaka, yanzu fa hantsi ne, kafin magariba ba abin da zai rage. Ya ce in tafi in yi aikina, shi ma yana da nasa.

Sauran labarin a bakin Inna na ji. Ta ce wuni ya yi yana gadin ƙwaryar, yana bin inuwa da ita daga wannan bango zuwa wancan. Da rana ta kusa faɗuwa ya kwance tsumman, abin da ya rage bai wuce goro ba. Ya wanke shi, ya jefa a kofinsa, ya zuba ruwa kaɗan, ya rufe da hula, ya tafi ƙofar masallaci ya tsaya har abokinsa ya gama kiran salla. Ladan ya leƙa kofin, ya ce shi ya ga ƙanƙarar da ta faɗo daga sama da ta fi wannan girma, wannan ce dukiyar da aka hau aka zauna a kai? Kaka ya ce ita ce ta rage. Ladan ya sha rabi, ya miƙa masa rabi. Daga baya da ya ji dalilin, wai cewa ya yi da an gaya masa tun farko da shi ma ya zo sun zauna a kai tare, ko ba komai ya fi Kaka nauyi.

Ba a gano wani abin mamaki a kunnen farar saniyar ba. An karanta ta tare da sauran, ta shiga cikin fararen shanun ƙasarmu, tsohon iri kamar yadda na zata. Da na gaya wa Kaka bai ji komai ba, shi dama ba mamaki ya aika a nemo masa ba. Abin da ya dame shi ɗaya ne. Duk lokacin da na je Gafasa ko aka haɗa mu a waya, kafin ya tambayi lafiyata sai ya tambaya ko ana ɗauke mana wuta a wurin aiki. In ce akwai janareta. Ya ce janaretan yana da mai? In ce yana da shi. Sai ya ce to madalla, yanzu ya amarya. A'a kuwa bai sake faɗarta ba har ya bar duniya. Ranar da ya rasu tsaninsa yana gidan wani, sai bayan sadakar bakwai aka dawo da shi.

An yi amfani da rabin guntun kunnen a gwaji, rabin yana nan a firiza, a layi na ƙasa, da lambar da na rubuta a ranar. Garken da aka fara ranar sunan Kaka, abin da ya rage kenan a duniya, kuma yanzu mukullin firizar a hannuna yake. Da azumin bara wata sabuwar abokiyar aikina ta zo da gorar zoɓo, ta ce don Allah in ɗan buɗe mata ta sa a gefe, kafin a tashi ya yi sanyi ta tafi da shi gida. Dama doka ta hana, kuma ni kalmar ba ta taɓa yi mini wuya ba. Na ce mata a'a. Ta ce ba komai, ta tafi da gorarta. Ni ce na kasa ci gaba da aiki, sai da na ja kujera kusa da firizar na zauna na ɗan lokaci.